Wane Layi Ne Ya Fi? Auna Kamfanonin Waya Kan Sabis, Farashi Da Kula Da Masu Hulɗa

Babu tambayar da ta fi yawo a bakin masu waya a Nijeriya kamar wane layi ne ya fi. Ana yin ta a majalisa, ana yin ta a shagon caji, ana yin ta a kasuwar Farm Centre ta Kano duk sa'ad da wani ya sayi sabuwar waya, kuma kowa da amsarsa a shirye. Wani ya rantse da MTN, wani ya ce Airtel, wani ya ce in dai araha ake nema babu kamar Glo, wani kuma har yanzu yana begen zamanin da Etisalat ke tashe, kafin kamfanin ya koma 9mobile a 2017, ya sake komawa T2 a 2025. Hujjar wannan sharhi ita ce tambayar ba ta da amsa guda da za ta game ƙasar baki ɗaya, kuma ma'aunan nan uku da ake kwatanta kamfanoni da su, wato sabis da farashi da kula da masu hulɗa, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Sabis a wurin da mutum yake zaune da inda yake neman abinci shi ne gaba, farashi ya biyo baya, sannan kulawa. Wanda ya juya wannan jeri zai yi ta biyan kuɗin abin da bai mora ba, yana ganin ya yi wayo.

Kafin 2001, layukan waya a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu na kamfanin NITEL ne. A watan Janairun shekarar hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma zuwa watan Agusta MTN da Econet sun fara aiki. A wancan lokaci sai mutum ya ajiye naira dubu 20 ko fiye kafin ya mallaki layi, ana cajinsa naira 50 a minti ɗaya, ko da sakan biyar ya yi yana magana. Da Globacom na Mike Adenuga ya shigo a watan Agustan 2003 da cajin sakan-sakan, abin da aka riƙa cewa ba zai yiwu da wuri ba, nan da nan manyan biyu suka bi sahu, kuɗin layi kuma ya faɗi warwas. Econet ya yi ta sauya hannu da suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010, Etisalat kuma ya shigo a 2008. Wannan tarihi ya bar darasi guda da za mu koma kansa: duk sauƙin da mai waya ya taɓa samu a ƙasar nan, tsoron abokin gasa ne ya kawo shi.

Sabis abu ne na unguwa da ƙauye, har ma na ɗaki da ɗaki. Waya tana magana ne da turken sadarwa mafi kusa da ita ta igiyar rediyo, kuma nisan da igiyar ke kaiwa ya danganta da zangon da kamfani ya mallaka. Zango na ƙasa, irin su megahaz 700 da 800 da 900, yana cin nisa yana kuma ratsa bango, shi ya sa ya fi amfani a karkara. Zango na sama, irin wanda aka yi gwanjonsa don 5G a watan Disambar 2021, inda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu, yana ɗaukar data mai yawa amma ba ya nisa, don haka ya tsaya a wasu unguwannin manyan birane. Ban da nisa akwai cunkoso. Turke guda yana raba ƙarfinsa ne ga duk wayoyin da suka rataya a kansa, shi ya sa mutum zai ga sabis cike a fuskar wayarsa a tsakiyar Kantin Kwari da azahar, ko a ɗakin kwanan ɗalibai da dare, amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Akwai kuma ita kanta wayar: da Glo ya fara 4G a kan zangon 700, wayoyi da yawa da ke hannun jama'a ba sa kama shi, masu su suka ɗora wa kamfani laifin da rabinsa na waya ne. Taswirar da kamfani ke talla da ita tana nuna inda igiya ya kamata ta kai bisa lissafi. Ba ta nuna ko kira zai shiga ranar kasuwa ba.

A Arewa maganar ta fi haka zurfi, domin akwai wuraren da zaɓi tsakanin kamfani huɗu ma bai taso ba. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don kai sabis inda babu riba, ya ƙirga yankuna 207 da ba su da sabis a 2013, suka ragu zuwa 97 a 2022, amma har a lokacin mutum kusan miliyan 27 ne ke zaune a cikinsu. Dalilan a bayyane suke. Turke a ƙauye yana cin gas dare da rana saboda babu wutar gwamnati, ga ɓarayin batir da na janareto, ga masu aikin titi da ke tsinke wayoyin faiba da aka binne, ga harajin tona hanya da jihohi suka daɗe suna tsawwalawa duk da yarjejeniyar naira 145 a kan kowace mita, kodayake Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafin. A watan Satumbar 2012 Boko Haram ta ƙona turaku a garuruwan Arewa da dama, a 2013 sojoji suka katse sabis a Borno da Yobe da Adamawa, a watan Satumbar 2021 kuma aka rufe shi a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A garuruwan bakin iyaka irin su Illela da Jibiya ba abin mamaki ba ne ka ga mutum da layin Nijar a gefen na Nijeriya. Ga mazaunin irin waɗannan wurare, layin da ya fi shi ne wanda turkensa ke tsaye kuma injinsa ke da mai.

Alƙaluman kasuwa suna goyon bayan wannan jeri. Da farashi ne ke jan mutane kafin komai, da kamfanin da ya fi suna wajen arahar data shi ne zai fi kowa jama'a. Ba haka abin yake ba. Bayan wa'adin ƙarshe na haɗa layi da lambar NIN a watan Satumbar 2024, da kuma tantance layukan da NCC ta yi, adadin layuka masu aiki ya sauko daga kusan miliyan 219 zuwa kusan miliyan 154. Glo ya faɗo daga sama da miliyan 60 zuwa kusan miliyan 19, 9mobile kuwa, wanda ya taɓa haura miliyan 20 a zamanin Etisalat, ya koma ƙasa da miliyan 4. Sai ya zamana MTN na riƙe da kusan rabin kasuwa, Airtel da kashi ɗaya cikin uku ko fiye kaɗan. Wannan yana nuna abu biyu. Na farko, miliyoyin layukan da ake ƙirgawa a da suna kwance ne cikin aljihun tebur, an saye su don garaɓasa an watsar. Na biyu, da aka tilasta wa mutane wahalar bin layi don ceto lambarsu, sun ceto wadda suka dogara da ita ne, ko da ta fi tsada.

Shi farashi ya shiga sabon babi a watan Janairun 2025, lokacin da NCC ƙarƙashin Aminu Maida ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari, alhali su kashi 100 suka nema. Hukumar ta ce rabon da a taɓa farashin tun 2013. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, kira da data suka bi. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi fatali da ƙarin, kuma da MTN ya mayar da wani tsarin gig 15 na mako daga naira 2,000 zuwa 6,000 a watan Fabrairu, hayaniyar da ta tashi ta sa ya fito ya ba da haƙuri. Sai dai adalci ya sa a faɗi abin da ya jawo ƙarin. Kayan aikin sadarwa da dala ake sayo su, wani ɓangare na hayar turaku ma da dala ake lissafa shi, ita kuwa dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. MTN na Nijeriya, duk da girmansa, ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024. Abin lura ga mai kwatantawa shi ne ƙarin ya shafi kowa a lokaci guda, saboda hukuma ce ke shata iyakar sama da ta ƙasa. Tazarar farashi tsakanin kamfanonin tana nan, amma ba ta kai tazarar da ke tsakaninsu wajen sabis a wuri guda ba.

Kuma farashin da ke kan allon talla ba shi ne ainihin farashi ba. Gig goma da aka raba biyu, rabi na rana rabi na tsakar dare, gig biyar ne ga mai barci da dare. Datar da aka keɓe wa Facebook ko WhatsApp kaɗai ba za ta buɗe shafin neman aiki ko na jarrabawar JAMB ba. Tsarin kwana ɗaya da na mako sukan fi na wata araha a ido, amma abin da ya rage ranar da wa'adi ya cika ya tafi, sai dai in an sabunta cikin lokacin da aka ƙayyade. Katin da ke zuwa da garaɓasa ninki-ninki yakan zo da cajin kira mai tsada, garaɓasar kuma ita ce ke fara ƙarewa. Akwai kuma kuɗin ruwa na rancen kati, wanda ake cirewa tun kafin bashin ya shiga waya. Yawan tsare-tsaren nan ya kai ga NCC a 2024 ta umarci kamfanoni su rage su, su kuma bayyana sharuɗɗansu a fili. Lissafin da ya dace shi ne mutum ya duba nawa ya kashe a wata, sannan nawa ya mora a lokacin da yake buƙata. Har ƙorafin nan na cewa data na saurin zuƙewa yana da fuska biyu: sabis mai ƙarfi yana sa bidiyo ya buɗe da hoto mai nauyi, ya ci data ninkin abin da zai ci a sabis mai rauni, don haka wani lokaci layin da ya fi gudu shi ake zargi da sata.

Za a iya cewa wannan jeri na mai hali ne, talaka kuwa dole farashi ya fara dubawa, tunda naira ɗari biyun da zai sa kati daga kuɗin cefane ya cire ta. Maganar tana da ƙarfi, kuma a inda layi biyu ke aiki daidai wa daida babu dalilin da zai sa mutum ya biya mai tsada. Amma a inda ba daidai suke ba, talakan ne ya fi cutuwa da araha marar sabis. Mai POS da cinikinsa ya maƙale, an cire kuɗin abokin ciniki amma bai shigo ba, yakan yi asarar yini guda da amincin mutum guda. Dillalin hatsi a Dawanau da kiransa bai shiga ba lokacin da farashi ya motsa ya rasa abin da ya fi kuɗin katin wata. Ɗalibar da ta sayi data mai yawa ta kwana ɗaya, sabis ya ɗauke har wa'adi ya cika, ta biya kuɗin iska. Mai hali yana da layi na biyu da na uku da intanet na ofis da zai koma wa, shi kuwa wanda ba shi da su, faɗuwar sabis ɗaya ta isa ta tsayar masa da nema. Arha ba ta ado, kuma a nan wanda aljihunsa ya fi rauni shi ya fi buƙatar kiyaye wannan.

Kula da masu hulɗa ta zo ta uku ne saboda ba kullum ake buƙatarta ba, amma ranar da aka buƙace ta takan zama komai. A yau lambar waya tana ɗaure da asusun banki da BVN da NIN, don haka wanda aka sace wa waya yana tsere ne da ɓarawo: ko ya rufe layin ya karɓo sabo, ko a kwashe masa kuɗi. A irin wannan rana abin aunawa shi ne nisan ofishin kamfani daga garinsa, da tsawon layin da zai bi, da ko wakilin da ke kusa yana da izinin yi masa canjin layi, da ko wanda zai ɗauki kiransa a lamba 300 zai iya yi masa bayani da Hausa ya kuma warware matsalar a kira guda. Rufe layuka saboda NIN, wanda ya faro a watan Disambar 2020 zamanin minista Isa Ali Pantami, ya kuma kai ga hana sama da layi miliyan 70 yin kira a watan Afrilun 2022, shi ne gwaji mafi girma da aka yi wa kamfanonin a wannan fanni. Cincirindon da aka gani a ƙofar ofisoshinsu ya nuna an gina hanyoyin sayar da layi har lungu da saƙo, amma ba a gina hanyoyin gyara matsala daidai da su ba.

Mai waya yana da makamai da yawancin mutane ba sa amfani da su. Lamba 622 ta NCC kyauta ce, an tanade ta don wanda ya kai ƙara wa kamfaninsa bai samu biyan buƙata ba, kuma yana da kyau ya riƙe lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi. Aika STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla da ba a nema ba, waɗanda ta hanyarsu ake yawan shigar da mutane tsarin da ke cin kati a ɓoye. Tun 2023 lambobin aiki sun zama iri ɗaya a duk layuka, *310# don duba kati, *312# don sayen data. Hukumar kuma ta sha hukunta kamfanoni. A 2012 ta ci tarar duka huɗun naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin sabis, a 2014 ta ci MTN da Airtel da Glo naira miliyan 647.5 ta kuma hana su sayar da sabon layi tsawon watan Maris. Amma a kwatanta waɗannan da tarar naira tiriliyan 1.04 da aka ɗora wa MTN a 2015 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, wadda daga baya aka rage zuwa biliyan 330. Bambancin ya nuna abin da gwamnati ta fi ɗauka da zafi, kuma kuɗin tara asusun gwamnati suke shiga, wanda kiransa ya katse bai ga ko kwabo ba.

Wasu kan ce duk kanwar ja ce, kwatantawa ɓata lokaci ne. Akwai gaskiya a ciki. A 2014 MTN da Etisalat sun sayar wa kamfanin IHS dubban turakunsu, Airtel ya sayar wa American Tower nasa, don haka sau da yawa eriyar kamfani biyu ko uku tana kan ƙarfe guda, injin guda ke ba su wuta, in ya tsaya duk su ɗauke tare. Da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024, bankuna da layuka da dama sun ji a jikinsu lokaci guda. Amma zama kan turke ɗaya bai sa sun zama ɗaya ba. Kowane kamfani da zangonsa, da yawan na'urorin da ya ɗora, da faɗin hanyar da ta haɗa turken da cibiyarsa, da adadin mutanen da ke rataye a kansa. Shi ya sa a gida guda wani layi ke buɗe bidiyo, wani ko tes ba ya aikawa.

Wasu kuma za su ce to an gama magana, kowa ya koma wa babba. A nan darasin 2003 ke dawowa. Kasuwar da kamfani biyu ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari ta kama hanyar zama kasuwar da ba a tsoron kowa, kuma bashin dala biliyan 1.2 da ya durƙusar da Etisalat a 2017 ya nuna yadda ƙaramin kamfani ke shiga da'irar da ke da wuyar fita: babu kuɗin faɗaɗa sabis, jama'a su gudu, kuɗin shiga ya ƙara raguwa. Yarjejeniyar 2025 da ta bai wa masu layin 9mobile damar hawa turakun MTN a inda nasu ba su kai ba tana iya rage wannan, kodayake ta mayar da abokin gasa ɗan haya. Ba a ce mutum ya zauna da layin da ba ya masa aiki don tausayin kamfani ba. Abin da ake cewa shi ne girma a faɗin ƙasa ba shaida ba ce a unguwa, kuma akwai wuraren da turken babban kamfani ya cika maƙil, na ƙaramin kuma yake fayau. Wanda ya zaɓa bisa suna kawai ya hana kansa wannan damar, ya kuma taya kasuwa ƙuntata.

Hanyar zaɓi ba ta da wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka maƙwabta da abokan sana'a sun fi kowane talla sanin layin da ke aiki a wurin. Mutum ya gwada layi da ƙaramin tsari, a gida da wurin aiki da hanyar da yake yawan bi, da safe da kuma bayan magariba lokacin da cunkoso ke ƙaruwa, kafin ya zuba kuɗin wata. In layi biyu sun tsallake wannan gwaji, sai a koma lissafin kuɗi, sannan a duba wanda ofishinsa ya fi kusa. Tun watan Afrilun 2013 ana iya sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba, kyauta, ta hanyar zuwa ofishin kamfanin da ake son komawa, amma kaɗan ne ke yi, saboda waya mai layi biyu ta riga ta ba jama'a mafita mafi sauƙi: wannan na kira da banki, wancan na data.

Sai dai wannan mafita tana ɗora wa mai waya nauyin da ya kamata kamfani da hukuma su ɗauka, domin shi ke biyan kuɗin layi biyu don samun aikin layi ɗaya. An amince da ƙarin 2025 ne bisa sharaɗin sabis zai gyaru, kuma ba za a iya tabbatar da cika wannan sharaɗi da matsakaicin alƙalami na ƙasa ba, wanda Legas da Abuja ke rinjaya. NCC tana karɓar bayanan katsewar kira da saurin data daga kamfanoni. Ya kamata ta riƙa wallafa su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da harsunan da mutane ke ji, a rediyo da saƙon tes, ta kuma sa diyyar ɗaukewar sabis ta riƙa shiga wayar wanda abin ya shafa ba sai ya roƙa ba. Ranar da mutumin Gumel ko Biu zai iya ganin matsayin kowane kamfani a garinsa kafin ya sa kati, kamfanonin za su fara gasar kafa turke a can kamar yadda suke gasar allon talla a birni.